Rumbunan Ƙaraye da Rogo a Idon Kyamara

Da sanyin safiya, a tsakiyar hunturu, wani ɗalibi ɗan Ƙaraye da ke karatun zane da hoto a Zariya ya kafa kyamararsa a gaban wani rumbu, a bakin wani ƙauye da ke hanyar Rogo. Ya auna taku goma daga gindin rumbun, ya daidaita gilashin kyamarar da tsayin ƙirjinsa, ya tsaya jiran ƙurar garken da ya wuce ta lafa. Bai kai ga latsawa ba sai ga mai rumbun ya fito daga zaure da carbi a hannu.

"Ɗan nan, haka za ka ɗauke shi, ko shara ba a yi ba?"

"Baba, ai haka nake son sa, yadda na tarar da shi."

Dattijon ya dubi yaron, ya dubi rumbun, ya girgiza kai. Ya ce yadda ya tarar da shi ɗin ai ba haka yake ba. Awaki ne suka watsa kara a wurin da daddare, jinkar kuma iskar shekaranjiya ce ta karkatar da ita. Shekara da shekaru rumbun yana tsaye tsaf, sai yau da ya yi baƙo za a kama shi a hargitse a kai birni? Ya ƙwala wa jikansa kira ya kawo tsintsiya.

Ɗalibin ya zo ne da darasin da aka koya masa a aji: mai hoto na gaskiya ba ya taɓa abin da zai ɗauka, ba ya gyara, ba ya sa son ransa. Dattijon kuwa yana kan wata tsohuwar ƙa'ida da ta girmi darasin a wannan yanki. Gardamar tasu ta minti biyar ta ɗauko tarihin hoto a ƙasar Hausa tun daga tushe.

Waɗanda suka yi wayo kafin zuwan wayar hannu sun san yadda ɗaukar hoto yake a garuruwa irin su Ƙaraye da Rogo. Sha'ani ne na ranar Sallah, ko biki, ko ranar kasuwa. Mai hoto yakan rataya labule a jikin katanga, wani lokaci mai zanen bene ko jirgin sama, ya shimfiɗa darduma, ya ajiye kujera da tukunyar furen roba. Saurayi ya aro agogo da tabarau, ya rungumi rediyon da ba tasa ba. Budurwa ta ɗora hannayenta a kan gwiwa don lalle ya fito. Magidanci ya saɓa babbar riga, ya tsuke fuska, domin dariya a hoto ba ta dattaku ba ce. Daga nan sai jira: fim ya cika, a kai shi wanki Kano, a dawo da katunan bayan kwanaki.

Ba wanda ya taɓa kiran wannan ƙarya. Kowa ya san rediyon ta aro ce, mai ita ma yana gefe yana jiran a miƙo masa abarsa. Hoton yana nuna mutum ne yadda yake so a tuna da shi, kuma da mai kallo da wanda aka ɗauka duk sun yarda da haka. Irin wannan aiki ne ya ɗaukaka Seydou Keïta, wanda ya buɗe situdiyonsa a Bamako a 1948, yana ajiye wa masu zuwa rediyo da agogo da babur, har da mota, don su tsaya a jikinsu. Yau hotunansa suna rataye a manyan gidajen adana kayan fasaha na duniya, masu tarihi kuma suna karanta burin mutanen wancan zamani a cikinsu.

Sai dai tun farko akwai wani hoton na dabam, wanda bai zo da labule ko fure ba. Turawan mulkin mallaka sun shigo Kano a watan Fabrairun 1903 da bindiga da kyamara. Masu tarihi sun ruwaito cewa bayan yaƙin Burmi, a watan Yulin wannan shekara, an ɗauki hoton gawar Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya aka yaɗa, don a yanke ƙaunar masu cewa yana raye. Wannan hoton shaida ne, kuma shaidar mai ƙarfi. Duk wanda ya zagaya Gidan Makama a Kano ya kalli hotunan farkon mulkin Turawa zai lura da wanda ke zaune a kujera da wanda ke tsugune, da wanda aka rubuta sunansa a ƙasa da wanda aka bari ba suna. Daga wannan reshe ne fasfo ya fito: na aikin hajji, na jarrabawa, na katin zaɓe, har zuwa na lambar ɗan ƙasa da ake ɗauka yau, inda ake ce wa mutum ya kalli gaba, kada ya yi murmushi.

Malamai ma sun tofa albarkacin bakinsu, kuma maganarsu ta taɓo zuciyar batun. Da aka yi ta saɓani kan hukuncin hoton kyamara, ɗaya daga cikin hujjojin masu halattawa ita ce wadda ake dangantawa da Shehu Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, tsohon muftin Masar da ya rasu a 1935: cewa kyamara kama inuwa kawai take yi, kamar yadda madubi ke yi, hannun mutum bai ƙaga surar ba. Wasu malaman ba su gamsu ba, suka taƙaita izini ga lalura irin ta fasfo. Ilimin hasken kansa tsoho ne, domin tun ƙarni na 11 Ibnul Haisam ya yi bayanin yadda haske ke ratsa ƙaramar huda ya zana surar waje a bangon ɗaki mai duhu, shekaru ɗaruruwa kafin a bayyana fasahar Daguerre a Faransa a 1839. Da wannan fahimta ce jama'a suka karɓi hoto a matsayin abin da ba ya son kai. Gani ya kori ji, in ji Bahaushe, hoto kuwa sai ya zama ganin da ake sawa a aljihu.

A Zariya, garin da Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar ɗaliban zane a 1958 suna neman a daina kallon fasaha da idon Turawa kaɗai, ɗalibin ya haɗu da aikin mutanen da suka mai da rashin son rai sana'a. Akwai August Sander na Jamus, wanda ya ɗauki manomi da birkila da alƙali da mai gasa burodi duk da ido ɗaya, ya fitar da littafin fuskoki sittin a 1929. Gaskiyar ta yi wa 'yan Nazi ɗaci, suka ƙwace littafin suka lalata faranten buga shi a 1936. Akwai kuma Bernd da Hilla Becher, mata da miji, waɗanda tun 1959 suka riƙa ɗaukar tankunan ruwa da hasumiyoyin ma'adinai. Ƙa'idarsu ba ta canzawa: daga gaba sak, baƙi da fari, sararin sama a lumshe don kada inuwa ta faɗo, babu mutum a ciki. Sai su jera hotunan tara ko goma sha biyu a bango, mai kallo ya ga kamanni da bambanci da kansa. A gida Najeriya, J. D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar kitson mata a 1968, yawanci daga ƙeya, har ya tara kusan dubu.

Daga nan ɗalibin ya samo aikinsa na ƙarshen karatu. Zai bi ƙauyukan Ƙaraye da Rogo, ta wajen Yammedi da Turawa da Kafin Dabga, ya gangara Zarewa da Fulatan da Beli, ya ɗauki rumbuna da ƙa'ida ɗaya. Ya ma gano cewa hazon hunturu zai yi masa aikin da gajimaren Jamus ya yi wa su Becher, domin yana kashe kaifin rana ya bar bango fari fat.

Hotunan sun yi kyau. Ga rufewar ƙasa mai ƙaramin baki a sama, ga rumbun zana da aka ɗora a kan duwatsu saboda gara da danshi, ga mai jinka kamar malafa, ga wanda aka yi wa hula da tsohon kwano. Da ya jera su a ƙasan ɗakinsa sai ya ga abin da bai taɓa lura da shi ba duk da a cikinsu ya girma: hannun kowane magini dabam ne, har ana iya gane rumbunan da mutum ɗaya ya gina a ƙauyuka biyu.

Yayarsa ce ta fara ɓata masa lissafi. Ta kalli jerin ta tambaye shi ina rumbun mata. Duk abin da ya ɗauka na waje ne, ko na ƙofar gida, domin namiji baligi ba ya kutsa kai cikin gidan da ba nasu ba. 'Yan rumbunan da mata ke adana gyaɗarsu da wakensu da kuɓewa busasshiya suna can ciki, bayan zaure, inda kyamararsa ba ta da izinin zuwa. Rabin labarin ke nan ya faɗi ba tare da ya sani ba.

Na biyu kuma shi ya kama kansa. A ƙauyuka da dama sai ya wuce gida biyar kafin ya sami rumbu ɗaya. Sauran gidajen sito ne na bulo da kwano, masara a buhu, wake a buhu mai leda a ciki, ana jiran farashi ya tashi a loda mota zuwa kasuwar Dawanau. Duk waɗannan ya tsallake su don ba su burge shi ba. Sau da yawa ma yakan ɗan matsa hagu don kada turken wutar lantarki ko faifan sola ya shigo masa. Bai taɓa ko tsinke ba a gaban kyamara, amma wanda ya kalli jerin a Legas ko Landan zai ɗauka yammacin Kano har yau a rumbu take zuba amfaninta kaf. Kowane hoto gaskiya ne, taronsu kuma ya ba da labarin da ba haka yake ba.

Malaminsa bai yi mamaki ba. Ya nuna masa hotuna biyu da Roger Fenton ya ɗauka a yaƙin Kirimiya a 1855, daga wuri ɗaya, a rana ɗaya. A ɗaya, harsasan igwa suna cikin kwari a gefen hanya. A ɗayan, sun bazu a kan hanyar. An daɗe ana gardamar wanne ya riga wanne, har mai shirya fim Errol Morris ya je wurin da kansa ya bi diddigi, ya kammala cewa mai harsasai a kan hanya shi ne na biyu. Wato wani ya ɗora su. Tun hoton yaƙi yana jariri aka fara yi masa kwalliya.

Na'urar kanta ma ba ta tsira ba. Shekaru da dama kamfanin Kodak yana raba wa masu wankin hoto wani kati mai hoton farar mace, da shi ake daidaita launi. Sakamakon haka duk mai tsohon kundin hotuna a ƙasar Hausa ya san shi: ango a cikin farar shadda, shaddar ta fito da kowane zare na aikinta, fuskar kuwa ta dushe sai idanu da haƙora. Mutane sukan ɗora laifin a kan mai hoto ko a kan rana, alhali an auna fim ɗin ne da wata fatar. Bayan shekaru, kamfanin da ke ƙera wayoyin Tecno ya ci kasuwar Afirka, kuma cikin dabarunsa har da gyara kyamara ta iya da baƙar fata. Sai kuma abin ya zarce: wayoyi da yawa yanzu suna goge fuska su haskaka ta tun kafin mai ita ya nema. A da an aro agogo da sanin kowa, yanzu waya ce ke ara wa mutum fata ba tare da ta yi shawara da shi ba.

Akwai kuma abin da ba ya ɗaukuwa sam. Madatsar ruwa ta Challawa da ke ƙasar Ƙaraye, wadda aka kammala a 1992, bangonta ya doshi kilomita takwas. Mai hoto zai iya tsayawa a bakinta da hantsi ya ɗauki masunta suna sauke kifi, da masu noman rani suna jan ruwa da inji zuwa fadamun tumatir da albasa, kuma bai yi ƙarya ba. Amma gonaki da kufan da ruwan ya shanye suna ƙarƙashi, sai dai a bakin dattawan da aka tasa. Can ƙasa kuma, a dausayin Haɗeja da Nguru, inda wannan dam da na Tiga suka sauya yadda ambaliya ke zuwa, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa. Tsakanin hoton farko da na biyu tafiyar ɗaruruwan kilomita ce, kuma babu gilashin da zai haɗa su a kati ɗaya.

Ko rubutun da ke ƙasan hoto yana da nasa iko, kuma mutanen Ƙaraye sun ga haka da idonsu. Kafin 2019, wanda ya ɗauki ƙofar fadar garin zai rubuta cewa gidan hakimi ne a ƙarƙashin masarautar Kano. A watan Mayun 2019 Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa hannu a dokar da ta ƙirƙiro masarautun Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye, Alhaji Ibrahim Abubakar na Biyu ya zama sarkin Ƙaraye mai daraja ta ɗaya. A watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta rushe su. A watan Yulin shekarar aka dawo da Ƙaraye a matsayin masarauta mai daraja ta biyu, da ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo a ƙarƙashinta. Cikin shekara biyar da 'yan watanni, wuri ɗaya ya sha suna iri-iri, hotunan da ke rataye a ofisoshi da shaguna suka yi ta hawa da sauka. A ranakun hawa kuma, mai goyon baya yakan ɗauki taron daga inda ya fi cika, mai adawa ya ɗauka daga inda ya fi sarari, kowa ya tura nasa a WhatsApp yana cewa ga zahiri.

Tun da layukan wayar hannu suka shigo Najeriya a 2001, sannan wayoyi masu kyamara suka bazu, hoto ya tashi daga abin Sallah ya koma abin kowane minti. Dillalin shanu yana tura hoton sa kafin a yi ciniki. A zaɓen 2023 an ɗora wa hoto nauyi mafi girma, inda aka ce a ɗauki takardar sakamakon kowace rumfa a ɗora a shafin hukumar zaɓe, jinkirin ɗorawar kuma ya zama babban abin gardama. A gefe guda, hoton rikicin wata ƙasa ko na wata shekara yakan dawo da sabon suna ya tada hankalin gari. A 2023 ɗin dai, Bajamushe Boris Eldagsen ya ƙi karɓar kyautar gasar hoto ta Sony, ya bayyana cewa ƙirƙirarriyar basira ce ta haɗa masa hoton, babu kyamara babu wanda ya tsaya a gabanta. Inuwar da malamai suka ce ana kamawa, ga shi an kai ga samar da ita ba tare da mai inuwar ba.

Wasu masu hoton Arewa sun zaɓi su faɗi matsayarsu a fili. Fati Abubakar ta fara ɗaukar rayuwar yau da kullum a Maiduguri a 2015, 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu biki, domin ta ga duniya ba ta san komai game da Borno ba sai bam da gawa. Ba ta ce hotunan tashin hankalin ƙarya ba ne. Ta nuna inda ta tsaya da dalilin tsayuwarta, ta bar mai kallo ya haɗa biyun.

Kusan haka ɗalibin ya yi da ya koma ƙauyukan a zagaye na biyu. Bai yar da ƙa'idar taku goma da hazon safe ba, domin ita ce ta sa ake iya gwada rumbu da rumbu. Amma ya ƙara sito da tarin buhuna a jerin, da ma'auni ɗaya. Ya ba yayarsa waya ta shiga gidajen da suka yarda ta ɗauko na mata, ya rubuta a ƙasa cewa ba shi ya ɗauka ba. A ƙarƙashin kowane hoto ya sa sunan ƙauye da wata da sa'a, da yawan gidajen da ya wuce kafin ya sami wannan, da abin da ke hagu da dama wanda bai shigo ba. Wani abokin karatunsa ya yi masa tsiya cewa rubutun ya kusa fin hoton yawa.

Rumbun dattijon nan kuwa sau biyu ya fito a bangon jarrabawa, kafaɗa da kafaɗa: ɗaya da kara a warwatse da jinka a karkace, ɗaya a share tas, an miƙe jinkar, jikan yana leƙowa daga gefe da tsintsiya a hannu. Da hutu ya zo, ɗalibin ya wanke duka biyun ya hau babur ya kai masa. Dattijon ya riƙe su nesa da ido, ya daɗe yana dubawa, sannan ya miƙo na farkon ya ce a mayar wa malaman Zariya tunda shi suke so. Na biyun ya sa aka soke shi da ƙusa a bangon zaure, kusa da kalandar masu sayar da taki.